Farashin Hawayen Inna

"Inna, Baba fa ya rasu."

Muryar Yaya ce, wana, ko daga barci aka tashe ni zan gane ta. Daga wayar Aku take fitowa, wayar da ta cusa mini a fuska alhali hannuwana biyu suna cikin ledar burodi. Aku abokiyar aikina ce a gidan burodi, mu ne masu ɗaure shi a leda in ya huce, kuma ba a banza aka laƙaba mata sunan ba. In ta buɗe baki da safe, sai an tashi aiki take rufewa.

"Auta, don Allah dubi tsohuwar nan," in ji ta. "Kullum sai ta sa ni kuka. Jiya har girki ya ƙone mini a kanta."

Na duba. Inna ce, uwar da ta haife ni, zaune a kujerar roba da mayafin da ni na saya mata. An haska mata fitila, fuskarta ta fito fes har da layukan goshinta. Ta ɗago ta dubi Yaya, wanda ba a ganin sa a hoton, bakinta ya ɗan buɗe.

"Ya rasu? Yaushe? Ai da safe ya fita da mota."

"Ya rasu, Inna. Sai haƙuri."

Ta ɗora hannu biyu a ka. Na san kukan da ta fasa. Shi ne wanda ta yi ranar da aka shigo da gawar Baba tun ina budurwa, bai tsufa ba, bai ragu da komai ba. A ƙasan hoton an rubuta da manyan baƙaƙe cewa har yanzu tana jiran mijinta, wani kiɗa mai sanyi kuma yana bin kukan a hankali.

"Ciwon mantuwa ke gare ta," Aku ta ci gaba tana share ido da bayan hannu. "Duk lokacin da aka faɗa mata, sai ta ji kamar yau aka yi mutuwar."

"Duk lokacin?"

Ta ja yatsa a kan gilashin wayar. Ga Inna da shuɗin mayafi, ga ta da fari, ga ta ɗankwali ya zame furfura a waje. A kowanne, hannuwanta suna ka.

Ban san lokacin da burodin ya lotse a hannuna ba. Na cire rigar aiki na rataye, na ce wa mai gidan burodi ya yanke mini rabin yini in ya ga dama. Aku ta biyo ni da tambaya har bakin ƙofa. Ban juya ba, don na san halina, in na buɗe baki a lokacin ita zan fara wankewa alhali ba ta yi mini komai ba.

* * *

Tun da mantuwa ta kama Inna take zaune a gidan Yaya. Ni ranar hutu nake zuwa, in kai burodi, in wanke mata kai, in yanke mata farce. Tambayarta guda ce daga safe har yamma: "Babanku bai dawo ba?" Direban babbar mota ne a rayuwarsa, rabin aurenta a jira ta yi shi. Likita ya gargaɗe mu tun farko kada mu yi gardama da ita, mu ce mata yana hanya. A gabansa ni da Yaya muka amince da haka. Kuma "yana hanya" ta ishe ta, sai ta gyara zama ta ce a rufe masa abinci kada ƙuda ya taɓa.

Na san Yaya yana ɗaukar bidiyo tun da aka rufe masaƙar da yake aiki. Na taɓa ganin wanda Inna take waƙoƙin ƙuruciyarta tana tsokanar jikoki, har na yi dariya. Daga nan ban ƙara bi ba, kuɗin data ya fi ƙarfina.

Matar Yaya na samu a tsakar gida tana wanke zannuwan gadon Inna. Tana ganin fuskata ta sunkuyar da kai cikin baho, gaisuwar ma a ciki ta amsa. Na wuce falo. An sauya labule, an kafa wata fitila mai zagaye kamar zobe a kan sanda, kujerar robar nan tana gabanta. Yaya yana ƙasa yana danne-dannen waya.

"A'a, Auta! Yau ba hutu ba, ko an kore ki ne?"

"Ina Inna?"

"Tana barci, ta gaji."

"Ai dole ta gaji. Sau nawa ka kashe mata miji a makon nan?"

Ya shafa gemu. Na ɗauka zai yi musu ko ya daka mini tsawa, don ya girme ni nesa ba kusa ba, shi ya riƙa goya ni zuwa makaranta. Sai kawai ya matsa ya ce, "Zauna ki ga wani abu, tunda da wuta kika zo."

Ban zauna ba, amma na duba. A wayar akwai wani layi da ya fara daga sama ya gangaro ƙasa.

"Kina tsammani don mutum ya danna ya leƙa ake biya? Da haka ne da tuni na gina bene. Masu shafin ba sa biya a kan wanda ya leƙa ya wuce. Sai ya tsaya, ya daɗe, har talla ta fito masa ya haƙura ya kalle ta. Wannan layin mutanen da suka tsaya ne. Ranar da ta yi waƙa ke nan. Dubi yadda suka watse tun kafin ta kai baiti na biyu. Abin da aka ba ni a kansa ko sabulu ba zai saya ba." Ya ja yatsa. "Yanzu dubi wannan."

Layin ya miƙe sak kamar igiyar shanya, daga farko har ƙarshe.

"Nan ta yi kuka. Babu wanda ya tafi. Kuma ba kowane ido ne farashinsa ɗaya ba, Auta. Mutum dubu na kusa da mu ba su kai mutum ɗari na ƙasashen masu kuɗi ba, tallarsu ta fi tsada. Su kuwa ba sa jin abin da take rerawa. Amma kuka ba ya buƙatar tafinta."

Wallahi yadda yake bayanin, sai ka rantse malami ne a gaban allo. Abin da ya fi ƙona mini rai ke nan.

"To ka yi guda, Allah ya yafe maka. Me ya kawo na kullum?"

"Na farkon ma ba da gangan ba ne. Tun safe take tambaya ta, raina ya ɓaci na faɗa mata gaskiya, ashe waya tana ɗauka. Na ɗora don mutane su ga irin ciwon. Kafin gari ya waye duniya ta gani." Ya sauke numfashi. "Na gwada sake ɗora shi daga baya. Na'urarsu ta gane, suka ce maimaici ne, ba a biyan maimaici. Sabo suke so. In kuma ka yi kwana biyu ba ka ɗora komai ba, sai su daina nuna ka ga mutane, kamar ba a taɓa yin ka ba. Kuma ai mantawa take yi. Kafin la'asar ta manta."

"Ita ta manta. Kai fa, Yaya?"

Nan ya miƙe tsaye. "Ke da kike zuwa ranar hutu da burodi biyu, ke za ki yi mini wa'azi? Kin san kuɗin maganinta? Kin san sau nawa matar can take wanke zanen gado? Maganin da ya sa take barci yanzu, da waƙa aka saye shi? Je ki tambayi mai kantin magani ko yana karɓar mutunci!"

Ba ƙarya ya faɗa ba, kuma hakan ya fi zagi ciwo. Na ɗaga labulen ɗakin Inna na shiga.

Tana kwance ta juya wa bango baya. Idanunta sun kumbura, ko a barcin ajiyar zuciya take yi. Na zauna a bakin gado na riƙe ƙafarta, sai ta buɗe ido.

"Auta ce? Kai, kaina ke sarawa. Ƙirjina ya yi nauyi kamar an yi mini mutuwa, kuma ban san me ya same ni ba."

"Gajiya ce, Inna."

"Babanku bai dawo ba?"

"Yana hanya."

Ta lumshe ido. A bakin gadon nan na ƙudurta cewa an gama yi wa matar nan mutuwa, ko da ni da Yaya za mu daina gaisawa har abada.

* * *

Na fara da abin da ya fi sauƙi. Na sayi data, Aku ta nuna mini inda ake kai ƙara a shafin. Tun da ta gane uwata ce take bi na da ido kamar marar lafiya, bakinta ma ya ragu. Na rubuta musu cewa tsohuwar ba ta cikin hayyacinta, ba ta san ana ɗaukar ta ba, ba ta ba kowa izini ba. Kafin in gama ɗaure farantin burodi guda amsa ta dawo. Sun gode da kulawata, sun duba, bidiyon bai saɓa wa ƙa'idarsu ba. Wa ya duba cikin wannan ɗan lokaci? Oho.

Sai zuciya ta ɗebe ni. Na shiga ƙarƙashin sabon bidiyon na rubuta cewa ni 'yarta ce, na zayyana komai, na ce duk mai kallon wannan abu ya ji kunya. Na kwanta da jin na yi maganin sa.

Kwana biyu bayan nan matar Yaya ta kira ni, muryarta ƙasa-ƙasa. "Auta, don Allah ki daina rubutu. Ya maƙala maganarki a sama kowa yana gani. Wasu na zagin ki, wasu na zagin sa, suna ta dawowa su ga wa ya ce me. Ya ce duk gardama ƙarin kallo ce. Bai taɓa samun irin na wannan karon ba."

Tir! Ashe da hannuna na ƙara masa jari.

Na tafi wurin Kawu, ƙanen Inna, shi kaɗai ya rage mana babba. Ya saurare ni har na gama yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Auta, kin cika zafi, tun kina ƙarama haka kike. Yaron nan abin a yaba masa ne. Ta dalilinsa ana yi wa uwarku addu'a daga ƙasashen da ko sunansu ba mu sani ba."

"Kawu, addu'ar da sai an sa ta kuka ake samu?"

"To ai gaskiya yake faɗa mata. Mijin nata yana raye ne?"

Ina fitowa na tsaya a bakin titi na sake bin bidiyoyin ɗaya bayan ɗaya, don maganarsa ta tsaya mini a wuya. Can ƙasa sai ga Kawu da kansa, da sabuwar hula, zaune kusa da Inna yana ba ta haƙurin mutuwar da shi ya tsaya a kan jana'izarta. Har da share ido. Na yi dariya ni kaɗai a titi kamar taɓaɓɓiya.

Da na koma gida na tarar da maigidana a kan keke. Tela ne, a falonmu yake ɗinki, kuma mutum ne da maganarsa ta yini ba ta cika cokali. Na zazzage masa komai ina kai da komo, ina buga ƙafa. Ya bari na gama, ya cire allura daga baki.

"Ɗauko ta."

"A ina za ta kwana?"

"Keke zai koma baranda."

"Magani fa? Ka san ba za mu iya irin wanda Yaya yake saya ba."

"Akwai mai sauƙi a babban asibiti, layi ne kawai. Ke ki bi layi, ni ina gida duk yini, zan sa ido." Ya mayar da allurar baki, ya ci gaba da taka kekensa.

Na tsaya ina kallon ƙeyarsa. Shekarun nan duka ina yi masa tsiya cewa na auri kurma, ranar nan na ji kunyar kaina.

* * *

Ban ɓoye wa Yaya ba. Na aika masa cewa ranar hutu zan zo in tafi da Inna. Matarsa ta sake kira na.

"Ya ce ba zai hana ki ba, amma kai tsaye zai nuna ki duniya tana gani. Har sunan da zai sa ya shirya, wai ƙanwarsa ta zo raba shi da uwarsa. Ya ce faɗan 'yan'uwa ya fi kuka riƙe mutane." Ta rage murya. "Ya san bakinki, Auta. Shi yake jira."

Lallai ya san bakina. Amma ni ma da bakinsa ya koya mini darasin: wanda ya leƙa ya ga babu abin gani, wucewa yake yi. Duk hanya a cikin tasi ina maimaita wa kaina cewa yau ni dutse ce.

Na shiga da sallama. Fitilar nan tana kunne da rana tsaka, Inna a kujerar roba an sa mata sabon mayafi, Yaya a tsaye da waya a hannu.

"Yauwa jama'a, ga ta nan ta iso. Ku dube ta da kyau. Wannan ita ce ƙanwata."

Na durƙusa na ce, "Yaya, ina wuni?" Na gaida Inna, na wuce ɗaki na jawo jakarta. Ya biyo ni. Na zauna a ƙasa na fara ninke zannuwanta, ɗaya bayan ɗaya, ina daidaita baki da baki, ina shafe kowanne da tafin hannu kamar mai guga. Wanda bai ninku daidai ba na warware na sake.

"Ku tambaye ta ina take ranar da Inna ta faɗi a banɗaki. Ku tambaye ta wa ya kwana a asibiti."

Na ɗauki ɗankwali na ninke.

"Faɗa musu mana, Auta! Faɗa musu abin da kika taɓa kawowa gidan nan ban da burodin da aka rage a wurin aikinku."

Kai, wannan ta shige ni. Amsa ta taso mini har maƙogwaro, da zafinta da komai, wadda za ta sa ya kwana bai yi barci ba. Na cije harshe har na ji ɗanɗanon jini. Na leƙa ƙarƙashin gado ina neman takalmin Inna, na samu ƙafa ɗaya, na ci gaba da neman ɗayar ba gaggawa.

Ba na ganin gilashin wayar, amma ina ganin fuskarsa. Da farko idonsa yana kaina. Can sai ya koma kallon kusurwar wayar, inda adadin masu kallo yake, yana lasar leɓe. "Ku tsaya jama'a, kada ku tafi, yanzu za ku ji komai," ya ce. Wa zai zauna yana ƙona datarsa a kan mace tana neman takalmi?

Na fito falo na durƙusa ina sa wa Inna takalman. Ta dafa kaina.

"Ina za mu, Auta?"

"Gidana, Inna. Za ki kwana mana biyu."

"To babanku fa? In ya dawo bai same ni ba?"

Na ji takun Yaya ya matso, na ga inuwar wayar ta sauko saitin fuskarta. Ya gyara murya, ya sassauta ta, irin muryar nan da na ji a gidan burodi.

"Inna, Baba fa..."

Sai gidan ya ɗauka da kiɗa. Matar Yaya ce ta shigo da rediyonta na kicin, ta ƙure murya, ta dire shi a kan tebur tsakanin Inna da wayar. Wata waƙar zamani ce da ake yayi, ganga kamar za ta fasa bango. Bakin Yaya yana motsi, amma Inna, da kunnenta dama ya yi nauyi, ba ta ji komai ba. Sai ma ta fara gyaɗa kai tana bin kiɗan.

"Kashe abin nan!" ya daka mata tsawa. "Kin san in waƙar wani ta shiga, kuɗin na mai waƙar ne!"

"Na sani," in ji ta. "Kai ka koya mini."

Ba ta kashe ba. Matar da tun da aka kawo ta gidan ban taɓa jin ta ɗaga masa murya ba, ta tsaya ta harɗe hannu, ba ta matsa ba. Yaya ya dube ta, ya dube ni, ya dubi wayar. Sannan ya danna ta mutu, ya zauna a hannun kujera kamar wanda aka zare wa laka.

Na ɗaga Inna, ƙafafunta suka ƙi. Na sake gwadawa. Sai ya taso ya ture hannuna, ya ɗauke ta cak kamar yadda ya saba, ya kai ta har cikin tasi, ya gyara mata mayafi, ya tura gefen zanenta ciki kada ƙofa ta datse.

"Maganin yamma rabi ake ba ta," ya ce ba tare da ya dube ni ba. "In an ba ta duka jiri take yi. Kuma ba ta son ruwan sanyi."

"To, Yaya."

Ya riƙe ƙofar bai rufe ba. "Auta, da me zan ciyar da yaran nan?"

Na riƙe hannun Inna, ina kallon ƙasa. Direba ya yi hon, Yaya ya saki ƙofar.

* * *

Ba zan ce abin ya zo da sauƙi ba. Na bi layin asibiti har ƙafafuna suka kumbura, sabon maganin bai kai wancan ba, wani lokacin sai ta ƙi cin abinci ta ce ba ta san mu ba. Na koyi wankin zanen gado kafin in tafi aiki, na kuma san abin da matar Yaya ta sha. Shafin Yaya ya yi sanyi. Aku ta ce ya koma ɗaukar kansa yana ba da labarin yadda aka raba shi da uwarsa, amma mutane ba sa tsayawa.

Kumburin idon Inna kuwa ya sace. Ta samu wurin zama a baranda kusa da keken maigidana, yana ba ta ƙyallaye tana tsince zare, tana kiran sa da sunan wani ƙanenta da ya rasu tun kafin a haife ni, shi kuma yana amsawa. Har ƙiba ta ɗan yi.

Wata rana na dawo daga aiki na ji dariyarta tun daga bakin ƙofa. Ashe maigidana ne ya ɗinka hannun riga a baibai, ta kama shi, take ta yi masa tsiya wai ko ita da idonta ya mutu ba za ta yi wannan aika-aikar ba. Dariya take har da riƙe ciki, haƙoranta biyun nan da suka rage a waje. Rabon da in ga haka har na manta. Na ce bari in ɗauka in aika wa matar Yaya, ita ma ta ga abin da rediyonta ya saya.

Na ciro waya daga jaka na ɗaga.

Dariyar ta yanke. Inna ta saki ƙyallen da ke hannunta, ta gyara zama, ta jawo mayafi ta rufe kafaɗa. Ta zuba wa bayan wayar ido, leɓenta na ƙasa ya fara rawa.

"Wa ya rasu?"

"Babu kowa, Inna. Babu wanda ya rasu. Hoto ne kawai."

Na yi sauri na cusa wayar ƙarƙashin tarin yadi, na nuna mata tafukan hannuna babu komai. Maigidana ya ɗauke ƙafa daga keke. Na durƙusa na riƙe gwiwoyinta ina rantse mata cewa kowa lafiya, amma hannuwanta sun riga sun tafi ka.

Ta yi kukanta har ƙarshe, fuskarta tana kallon inda wayar take ɗazu, tana jira a faɗa mata sunan mamacin.